Igiyar Ramin Burji

A shekarun da kuɗin mai suka fara shigowa ƙasar nan aka zo yin hanyar mota ta gefen ƙauyenmu, tsakanin Batsari da Safana. Mu dai murna muka yi ta yi. Yara suna bin tifa da gudu, mu manya kuma mukan bar aiki mu je mu tsaya kallon katafila tana kwasar ƙasa kamar mai kwashe tuwo daga tukunya. Masu aikin suka duba suka ce burjin da ke bayan gidanmu ya fi na ko'ina kyau, don haka nan suka yi ta ɗiba har suka gama. Da suka tashi sai suka bar mana rami mai faɗi, gaɓarsa a miƙe kamar bango. Da rani ba wanda ya damu da shi. Ni har yabo na yi, na ce mun samu wurin buga tubali a kusa. Da damina ta kankama sai ya cika fal da jan ruwa, kuma daga dangar gidanmu zuwa bakinsa bai fi tsawon igiyar guga ba.

A lokacin mahaifina ya riga ya rasu. Gidan daga ni sai Inna mahaifiyata, da matata, da 'yarmu ta fari wadda ba a daɗe da yaye ta ba. Yarinyar ba ta koyi tafiya ba sai da gudu. In ka ajiye ta a nan ka juya, sai ka same ta can cikin akurkin kaji tana musu wa'azi.

Matata 'yar Fulanin wajen Ruma ce, irin waɗanda suka daɗe da zama suna noma suna kiwo. Kowa yana kunyar ɗan fari, amma tasu ta fi ta kowa. Tun da aka haifi yarinyar ban taɓa jin sunanta a bakin uwarta ba. Ba ta ɗaukarta a gaban mutane, ba ta yi mata wasa, in ta faɗi tana kuka sai ta kau da kai ta ci gaba da tankaɗe kamar kukan ɗan maƙwabta ne. Ranar da aka yaye ta aka kai ta ɗakin Inna, ta zama 'yar Inna, ita ke yi mata wanka, ita ke ba ta fura, su kwana tare. Inna tana kiranta ƙawata. Ni ma ba a bar ni a baya ba, “yarinyar nan” nake cewa, ko da yake nakan saci hanya in ba ta ƙuli-ƙuli in ba kowa.

Matsalar ita ce idon Inna ya fara yana. Tana ganin mutum kamar inuwa, in yarinyar ta wuce bakin rumbu to ta ɓace mata. Kunnenta ne dai Allah ya bar mata garau.

Wata rana na dawo daga gona, matata ta kawo mini ruwa ta durƙusa, maimakon ta tashi sai ta tsaya tana kallon ƙasa.

“Malam, ramin nan ya cika.”

“Na gani,” na ce.

“Kaji suna fita ta ƙasan danga.”

“To ai kaji ne, za su dawo.”

Ta miƙe, sannan ta ce, “Ba kaji kaɗai ke da ƙafa a gidan nan ba.” Ta ɗauki kwanon ta tafi.

Iyakar abin da za ta iya faɗa ke nan, kuma na gane. Na ce zan yi wa ramin shingen ƙaya. Amma lokacin noma ne, ciyawa tana neman cin gero, ga shi dabbobin unguwa duk sun koma sha a can, ba dama ka rufe ba tare da an zauna an yi magana ba. Na yi ta cewa gobe. Abin da na yi kawai shi ne na rataya gwangwanaye a ƙyauren baya, duk wanda ya tura su yi ƙara. Yarinyar kuwa ba ruwanta da ƙyaure. Inda kaji ke bi nan take bi. Ana nan sai ga ɗan kawuna, abokin wasana wanda gidansa ke jingine da namu, ya shigo da ita a kafaɗa. Ya ce a bakin ramin ya same ta tana jefa tsakuwa tana dariya.

Inna ta karɓe ta tana salati. Matata tana bakin murhu, ko juyowa ba ta yi ba. Amma tuwon ranar ya ƙone, abin da ban taɓa gani a hannunta ba.

Washegari ina gona dabarar ta zo mini. Muna yara, in dawa ta fara nuna, akan ja igiya daga wannan gefen gona zuwa wancan, a rataya mata gwangwanaye da tsakuwa a ciki. Kana zaune a rumfa ka fizgi igiyar, gona duk ta ɗauki ƙara, tsuntsaye su tashi. Sai na ce to me zai hana a juya abin, a sa ruwa ya riƙa fizgar igiyar, mu kuma mu zama tsuntsayen.

Na tuƙa igiyar rama mai ƙwari. Na samo goruna na toshe bakinsu, na ɗaure su jere a jikinta, na shimfiɗa ta a kan ruwan ta gefen da ke kallon gidanmu, ɗan nesa kaɗan da gaɓa. Bakinta ɗaya na ɗaure a turke. Ɗayan na ɗora shi a kan gwafa, ya haye danga, ya zo har bakin ɗakin Inna, inda na rataya gwangwanayen madara da na tumatir da tsakuwa a cikinsu, sannan na ɗaure ƙarshen a wani turken. In abu ya faɗa ruwa, ko dai ya taɓa igiyar, ko kuma ruwan da ya tashi ya ɗaga gorunan ya sauke, su kuma su fizgi igiya, gwangwanaye su yi magana.

Ɗan kawuna ya taya ni, amma bakinsa bai huta ba.

“Injiniya, in an gama wannan sai a ja mana waya zuwa Katsina, mu riƙa gaisawa da Razdan.”

“Riƙe nan, sarkin surutu.”

“Aji nawa ma ka yi a elemantare? Ashe da ka ƙara ɗaya da jirgin sama za ka ƙera.”

Da muka gama sai ya zama dole a gwada. Na jefa dutse, gwangwanaye suka yi shiru. Ɗan kawuna ya ce ai dutse ba mutum ba ne, a nemo abu mai nauyin yarinyar. Ya tambaye ni nauyinta. Na ce ina zan sani, ni da ba na ɗaukarta. Ya ce, “Ƙarya kake, na gan ka bayan rumbu.” Inna ce ta raba mu daga cikin gida, ta ce ƙawarta ba ta fi ƙaramin turmin dakan yaji ba. Muka ɗauko turmin muka ɗaura masa igiya a wuya, muka tura shi daga gaɓa. Gwangwanaye suka yi wata irin kururuwa har kaji suka watse. Muka jawo shi muka sake, daga can gefe, daga tsakiya, muna ƙara ɗaurin muna ragewa. Nan na gane cewa duk aikin yana ga ɗaurin turken nan na bakin ɗakin Inna. In igiya ta yi sako-sako, ko jaki ne ya faɗa ba za ka ji ba. In ta yi tsauri sosai, ko kwaɗo ya yi tsalle sai ta yi ƙara. Muka tsaya a inda turmi ke sa ta magana ko ta ina ya faɗa. Matata ta zo karɓar turminta, ta ga ya sha jan ruwa, ta ce yajin gidan nan zai yi ɗanɗanon hanyar mota. Amma ranar har da man shanu a miya.

Kwanakin farko mun sha gudu. Gwangwanaye su yi ƙara, in yar da fartanya ko kwanon abinci in ruga, in tarar da agwagin maƙwabta suna wanka. Wani lokaci jaki ne ya sa baki. Wani lokaci yaran unguwa ne suka gano abin, su ja igiyar su ɓuya suna kallon yadda nake fitowa ba hula. Iska kuwa ba a magana. Na zuba yashi kaɗan a cikin gorunan don su zauna da gindinsu, abin ya ragu amma bai daina ba.

Inna ce ta fara rarrabe muryoyin. Tana zaune a bakin ɗakinta tana kaɗi, gwangwanayen suna saman kanta, sai ta ce, “Zauna, iska ce.” Ta ce iska tana kaɗa su a hankali ba ta tsayawa, kamar mai tankaɗe. Agwagi sukan yi ɗan ƙaras-ƙaras su bari, su sake. Dabba mai shan ruwa kusan ba ta motsa su. Yara kuma ja suke yi sau da yawa don su tabbata an ji. Amma abin da ya faɗa, in ji ta, fizga ɗaya ce mai ƙarfi, irin ta ranar turmi, sai ƴan ƙananan da ke biyo ta suna mutuwa. Duk da haka, in ta ce iska ce, sai ta miƙa hannu ta laluba ta ji ƙawarta tana kusa.

Shekarun baya kaɗan wata jikata da ke karatu a Kaduna ta kai ni wani otal inda ake bikin ƙawarta. Akwai wurin wanka na iyo a tsakar gidan, ruwa shuɗi kamar an zuba masa shuni. Na ga wani abu fari a maƙale a gaɓa, da wuyansa a cikin ruwa. Ta ce mini na'ura ce, tana jin motsin ruwa daga ƙasa, in yaro ya faɗa sai ta yi jiniya a nan, wata kuma ta yi a cikin ofis. Ta ce akwai wadda ke yawo a saman ruwa, akwai ta jikin ƙofa, har da wadda ake ɗaura wa yaro a hannu, da ta jiƙe sai ta yi kuka. Na tambaye ta ko iska tana ruɗin su. Ta ce sosai ma, shi ya sa ake saita su, kuma wasu in ƙarar ta dame su sai su kashe. Na ce mata wannan kam na san shi.

Don ni ma abin ya dame ni. A masallaci an daina kirana da sunana, sai mai jirgin ƙasa. In na wuce majalisa sai wani ya kaɗa gwangwani, a fashe da dariya. Ga shi ƙarshen damina iska ta yi yawa, ba dama mutum ya ɗan kishingiɗa bayan azahar. Sai na fara zuwa da yamma ina sassauta ɗaurin kaɗan. Na gaya wa kaina ai kaɗan ne, kuma yarinyar ta kwana biyu ba ta nufi can ba. Ban sake ɗauko turmi na gwada ba, don na san abin da zai gaya mini.

Abin mamaki, da safe sai in ji gwangwanaye suna ta surutunsu kamar ban taɓa su ba. Na zaci raɓa ce ke sa igiyar ta ɗaure. Sai wata safiya na durƙusa na duba turken. Ba ɗaurina ba ne. Ɗauri ne irin wanda ake yi wa maruƙa a dangwali, igiyar nan da Fulani ke jera su a kai lokacin tatsa, wanda ja ba ya kwance shi sai dai ya ƙara masa ƙarfi. Mutum ɗaya ne a gidanmu ya iya shi. Na ɗaga kai, tana can tana shara, ta ba ni baya. Da ina da hankalin da nake da shi yanzu da nan na tsaya. Amma ƙuruciya da jin kunyar majalisa suka sa muka yi ta yi, ni in sassauta da yamma, ita ta ɗaure da asuba, muna gaisawa lafiya lau a tsakani.

Ana cikin haka matar ɗan kawuna ta haihu. Tsakar gidansu ƙarama ce, don haka ana gobe suna aka kawo dakan gidanmu. Tun da hantsi gida ya cika da mata, goggonnina biyu da suka zo daga Zakka, da matan unguwa, da ƴan'uwan mai jego. Turame a jere, ana daka ana tafi ana guɗa. Inna tana gefe an ba ta ƙullun fura tana cuɗawa. Matata tana cikin masu daka, kanta a sunkuye saboda surukai. Da yammacin ranar da ta gabata na sassauta igiyar fiye da kullum, don kada ta yi ta ƙara a gaban baƙi a samu abin ba da labari. Ni kuma ina saman rumbu ina gyaran jinka, tun da kaka ta matso. Daga can ina ganin tsakar gida duka, amma danga da ganyen kuka sun tare mini gefen ramin da ke kusa.

Yara sun yi yawa ranar, kowa ya ɗauka yarinyar tana cikinsu.

Ni ban ji fizgar ba, ƙarar daka ta rufe. Abin da na gani shi ne Inna ta ɗaga hannu da ƙullu a jiki tana cewa, “Ku tsaya! Wannan ba iska ba ce!” Kafin ta rufe baki taɓaryar matata ta riga ta faɗi ƙasa. Ba ta bi ta ƙyaure ba. Dangar karan dawa ta nufa kai tsaye ta ratsa ta da ƙirji, ta bar ƙofa a wurin. Sannan na ji gwangwanayen, suna ƴan ƙananan motsin nan da ke mutuwa.

Ban nemi tsani ba, na diro. Ƙafata ta gurɗe, na tashi ina ɗingishi na bi ta inda ta fasa. Da na isa tana cikin ruwa har wuya, hannu ɗaya a kan igiya, ɗayan yana lalube a ƙasa inda wani gora ke ta rawa. Ruwan ja ne, ba a ganin komai. Ta nutsa kanta ta ɗago ba komai. Ta sake nutsawa, igiyar ta miƙe kamar za ta tsinke, ɗaurin dangwalin da ta sake yi da asuba a turken bakin ɗakin Inna ya riƙe. Da ta ɗago a karo na biyun tana riƙe da yarinyar ta ɗamara. Gaɓar tana da santsi, ba ta hawuwa. Na kwanta rub da ciki na kama igiyar na jawo su, ɗan kawuna da ya ji ihu ya iso ya kama ƙafafuna.

Yarinyar ba ta motsi. Uwar ta kifa ta a kan cinyarta tana bubbuga bayanta, tana magana da Fulatanci da wata murya da ban san tana da ita ba. Jan ruwa ya fito ta baki da hanci. Sai tari, sai wani tarin, sannan kuka. Ban taɓa jin daɗin kukan yaro kamar na ranar ba. Matan da suka biyo mu suka ɗauki salati, wata goggona ta zauna daɓas a cikin taɓo tana hamdala.

Muka dawo cikin gida ta ɓarakar dangar. Matata tana gaba, zaninta yana zubar da ruwa, ɗankwali ya tafi, yarinyar a manne a ƙirjinta ta cusa fuska a wuyanta. Sai da ta kai tsakiyar gida ta ga idanu, surukai a tsaye ta ko'ina suna kallonta rungume da 'yar fari. Na ga lokacin da abin ya dawo mata. Ta sunkuyar da kai, ta nufi Inna, ta durƙusa, ta miƙa yarinyar da hannu biyu.

“Inna, ga 'yarku. Ta jiƙe.”

Inna ta laluba ta shafa kan yarinyar da bayan hannu, ta taɓa ƙirjinta ta ji yana hawa yana sauka. Sannan ta janye hannuwanta ta ɗaga su sama.

“Ke ba ki ga hannuna ba? Duk ƙullu ne. Riƙe mini ita tukuna in gama.”

“Inna…”

“Na ce riƙe mini. Shiga ɗakina ki sauya mata zane, ki sauya naki, ki zo nan kusa da ni ki zauna inda zan riƙa jin numfashinta. Ku kuma me kuka tsaya kallo? Gobe da me za a ci sunan?”

Aka koma daka. Mu maza ba wanda ya tsaya shawara, ɗan kawuna ya ɗauko gatari, maƙwabta suka fito, har da masu kaɗa mini gwangwani a majalisa. Muka shiga daji saran ƙaya, ni ina jan ƙafa a baya. Muka kewaye ramin ta gefen gidaje duka, muka bar wa dabbobi mashaya ta can ƙetare. Aikin da na yi damina guda ina cewa gobe, bai kai mu la'asar sakaliya ba.

Da na shigo gida neman ruwan alwala, furar duk an gama ta an jera a ƙwarya an rufe da faifai. Inna tana nan inda na bar ta, da ɗan guntun ƙullu a tafin hannu tana ta juya shi, ya bushe har yana farfashewa. Matata tana zaune a gefenta a kan tabarma, yarinyar ta yi barci a jikinta da baki a buɗe. Babbar goggona ta matso ta ce, “Kawo ta nan in riƙe, ke ma kin gaji, ki je ki huta.”

“Wa ya aike ki?” in ji Inna. “Ni na ba ta riƙo, ni zan karɓa in na wanke hannu.”

“To ga ruwa a buta.”

“Na gan shi. Ban gama ba.”

Goggo ta dubi ƙullun, ta dubi Inna, ta koma wajen turame tana murmushi. Matata fuskarta tana kallon bango kamar ba da ita ake ba, hannunta kuma yana bubbuga bayan yarinyar a hankali. Na ɗauki butar na fita, don kada ta ɗago ta gan ni ta ji nauyi.